Jirgin Ruwan Da Ke Bangon Zaure

A wata unguwa cikin birnin Zariya akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda shekarunsa suka doshi casa'in. A bangon zaurensa, daga hannun dama in an shigo, akwai zanen wani jirgin ruwa wanda ya shekara sittin da ɗoriya yana rataye a wuri ɗaya. An sake ƙusar da ke riƙe da shi sau biyu, gilashinsa ya taɓa fashewa an sa wani, amma takardar da ke ciki ita ce dai wadda ya shigo da ita garin a ƙasan akwatin ƙarfe cikin 1963. Baƙo yakan riga ganin zanen kafin ya ga mai gidan, domin jirgin fari ne fat a kan shuɗin ruwa, zauren kuwa da duhu-duhu. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa masu nazarin harshe da adabin Hausa da hoton jirgin Turawa? Abin da ya haɗa su shi ne, irin wannan zane kirari ne, sai dai maroƙinsa da buroshi yake roƙo, kuma dattijon nan ya daɗe da gane haka, tun ba a haifi mafi yawan masu karanta wannan mujalla ba.

Sunan jirgin Aureol. Kamfanin Elder Dempster na birnin Liverpool ne ya sa aka ƙera shi a Glasgow ta ƙasar Sikotilan, aka tura shi ruwa a 1951, kuma cikin watan Nuwamba na wannan shekara ya yi tafiyarsa ta fari zuwa Ikko. Girmansa bisa ma'aunin jiragen ruwa ya ɗan zarce tan 14,000, tsawonsa ƙafa 537, yana ɗaukar fasinja fiye da 300. Sunan wani dutse aka raɗa masa wanda ke saman birnin Freetown a Saliyo, dutsen da Kwalejin Fourah Bay take bisa kansa. Yana da yayye biyu, Accra na 1947 da Apapa na 1948, su ukun ne ke jigilar wasiƙu da mutane tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma a zamanin da jirgin sama bai zama gama-gari ba. Joji da Di'o mai tafiya hutu, da ɗan kasuwa, da ɗan mishan, da ɗalibin da gwamnati ta ba guzurin ƙaro ilmi, duk ta wannan hanya suka bi.

Ga yadda mai zanen ya tsayar da shi. Ya zo masa ta gaba a ɗan karkace, yadda za a ga goshinsa da tsawon gefensa a lokaci guda, sannan ya sauke idon mai kallo ƙasa dab da ruwa, kamar na mutumin da ke zaune cikin ƙaramin kwalekwale, saboda haka sai jirgin ya miƙe bisa kansa tamkar dutsen Kufena. Goshin yana tsaga teku, farin kumfa ya rabu gida biyu, bututun hayaƙi rawaya yana tsakiya, sama garau, gajimare kaɗan can baya. Babu tsatsa ko ɗigo ɗaya, babu igiyar da ta kwance, kuma babu ɗan Adam ko guda a bisa jirgin. Wanda ya saba duba irin waɗannan zane-zane zai tarar mafi yawansu wannan tsayuwa suke yi. A wasu akan ƙara ɗan jirgin da ke jan manya zuwa tasha, ko kwalekwalen masunta, ba domin komai ba sai don a gwada girman babban, daidai da yadda makaɗin fada kan jero ƙananan sarakuna cikin waƙa don fifikon ubangidansa ya fito.

Abin da ke bangon zauren kuma ba shi ne ainihin aikin hannun mai zanen ba. Shi sau ɗaya yake yin nasa, da fentin mai ko na ruwa, daga nan maɗaba'a ta ɗauki hotonsa, ta rarraba launukansa gida huɗu, wato shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kowanne da farantinsa, a buga su ɗaya bisa ɗaya a kan takarda guda. In aka sa gilashin ƙara girma za a ga tekun nan duka ɗige-ɗige ne ƙanana. Ta haka ne zane ɗaya kan zama dubbai, ya shiga kalanda da katin gaisuwa da allon talla. Akwai kuma na masu hali, wanda akan buga adadi ƙayyadadde, mai zanen ya sa hannu da fensir a ƙasa, ya rubuta lambar kowanne. Na dattijon ba irin wannan ba ne, na sule kaɗan ne.

To, shi fa me ya gani lokacin da ya shiga jirgin? Cikin watan Satumba na 1961 Gwamnatin Jihar Arewa ta tura shi Ingila koyon aikin malanta, yana ɗan shekara 24, bai taɓa ganin ruwan da ya fi na kogin Kaduna faɗi ba. Ya hau jirgin ƙasa daga Zariya, ya ƙetare Kwara a gadar Jebba, ya sauka Ikko. Da aka kai su tashar Apapa, abin da ya tarar farin bango ne mai jerin ƙananan tagogi zagayayyu, wanda ya tare masa sama. Bai ga goshi ba, bai ga bututu ba, ga 'yan dako suna kai da kawowa, ga ƙugiya tana lilo da kaya bisa kansa, hankalinsa duk yana kan akwatinsa da takardunsa. Ya hau tsani ya shige, shi ke nan. Kusan mako biyu da ya yi a ciki, jirgin a wurinsa ɗan ɗaki ne mai gado bisa gado, da gurnanin inji wanda ba ya yankewa dare da rana, da warin mai gauraye da na fenti. Sun tsaya Takoradi, sun tsaya Freetown inda aka nuna masa dutsen da jirgin ya ci sunansa, sun tsaya Las Palmas. Alƙibla ta zame masa abin nema kullum, domin duk sa'ad da jirgin ya karkata sai gabas ta ƙaura, ya riƙa bin rana da ido kamar manomi.

Da suka shiga mashigin tekun Biscay, wanda ya yi suna wajen hauka, sai ya kwanta. Kwana uku jiri da amai suka hana shi ɗaga kai, har ya fara sallama da duniya a zuciyarsa, yana tuna mahaifiyarsa da ta ce masa ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wanda ya tsaya a kansa wani ma'aikacin jirgin ne, ɗan wajen Kalaba, wanda ya taɓa zama Jos ya tsinci Hausa. Shi ne ke kawo masa busasshen burodi da shayi ba madara, ya kwashe abin da ya amayar ba tare da ya yamutsa fuska ba, ya ce masa, “Malam, ka duba nesa, kada ka duba ruwa kusa.” Shi ne kuma ya gane saurayin yana gudun nama don bai san wanda ya yanka ba, ya riƙa nemo masa kifi da ƙwai. Da aka iso Liverpool suka rabu a bakin tsani, cikin yayyafi, ba su ƙara haɗuwa ba.

Shekara biyu bayan haka, ana gobe zai hau jirgin komawa gida, ya ga zanen a tagar wani kanti kusa da tasha. Ya daɗe tsaye yana kallo. Ashe haka abin da ya kwana a cikinsa yake! Ya shiga ya saya.

Mutum na farko da ya yi wa zanen tsiya wani maƙwabcinsa ne, tsohon soja, wanda unguwa ke kira Baba Saje. Yana cikin dubban sojojin Afirka ta Yamma da aka kwasa ta ruwa a 1943 da 1944 zuwa Indiya, daga can zuwa dajin Bama, rundunar da Hausa ta zama harshen bariki a wurin da yawa daga cikinsu. Ya shigo zauren, ya dubi bango, ya yi dariya. Ya ce, “Malam, wannan naka ai ango ne, an yi masa wanka an sa masa farar riga. Namu kuwa da za ka yanka ni ba zan iya faɗa maka kamanninsa ba. Cikinsa kaɗai na sani. An zuba mu a ƙasa kamar buhunan gyaɗa, kowa da gadon lilo, da dare ba a kunna ko ashana a waje don tsoron jirgin ƙarƙashin ruwa.” Malamin ya ce, “Baba, ai ni ma cikinsa na sani.” Sai tsohon ya ce, “To wa ya ga wannan da aka zana? Kifi?”

Tambayar Baba Saje ta fi ƙarfin raha. Wurin da mai zanen ya ajiye idon mai kallo, wuri ne da babu fasinjan da ya taɓa tsayawa, babu kuma ma'aikacin jirgin da ya taɓa tsayawa. Wurin mai yabo ne. Maroƙi ba ya shiga ɗakin sarki ya ga yadda ciwon baya ke hana shi barci, a ƙofar fada yake tsayawa ranar hawa, inda rawani da alkyabba suka fi kyau, kuma abin da ya faɗa ba lalle ne ya zama ƙarya ba, zaɓe ne kawai ya yi cikin gaskiya. Ubangidan mai zanen jirgi kuwa sananne ne: ko kamfanin da ke son a sayi tikiti, ko rundunar ruwa da ke son a ji tsoronta, ko kuma, daga baya, tsofaffin ma'aikata da 'ya'yansu masu begen abin da ya wuce.

Wanda ya fi kowa sanin cewa zane na iya juya ido shi ne Norman Wilkinson, Bature ɗan Ingila, gwanin zanen teku. Wani zanensa na tashar Plymouth yana rataye a ɗakin shan taba na manyan fasinjojin Titanic, ya nutse tare da jirgin a 1912. A 1917, sa'ad da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka addabi Ingila, shi ne ya kawo dabarar a shafe jirage da manyan zane-zane masu karkace-karkace, baƙi da fari da shuɗi. Ya san ba a iya ɓoye jirgi a fili, saboda haka nufinsa shi ne a rikita mai leƙe daga ƙarƙashin ruwa, ya kasa tantance inda jirgin ya dosa da saurin da yake yi, ya harba a banza. Hannun da ya ƙawata jirgi don mai tikiti, shi ne ya ɓad da kamanninsa don abokin gaba. A Faransa kuma wani mai zane da ake kira Cassandre ya yi wa jirgin Normandie allon talla a 1935, ya zo masa ta gaba tsaf, goshin ya cika takarda kamar ganuwa, 'yan tsuntsaye a ƙasa kamar ƙudaje. Jirgin ya kama da wuta a tashar New York a 1942, ya kife a gefensa, bayan yaƙi aka yanka shi aka sayar da ƙarfen. Bai cika shekara biyar yana aikin da aka ƙera shi dominsa ba, amma allon tallan har yau ana sake buga shi.

A wajen jiragen yaƙi lamarin ya fi nauyi. Ingilishi suna da wani mai suna Hood, wanda ya fara aiki a 1920, tsawonsa ƙafa 860, har kirari suke masa da Hood mai ƙarfi. A ƙarshen 1923 ya yada zango a Freetown cikin rangadin da aka yi da shi don nuna wa ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila ƙarfin uwargijiyarsu. Ranar 24 ga Mayu, 1941, ya haɗu da Bismarck na Jamus a mashigin da ke tsakanin Girinlan da Aisilan, harsashi ya sami rumbun albarusansa, ya tarwatse ya nutse cikin 'yan mintoci. Cikin mutum 1,418 uku kaɗai suka tsira. Duk da haka, yawancin zanen Hood da ake ratayawa a ɗaki suna nuna shi ne yana tafe da izza, bindigogi a ɗage, tuta tana kaɗawa. Kada a yi saurin cewa yaudara ce. Matar da mijinta ya tafi da jirgin nan ba ta da kabarin da za ta ziyarta, kuma ba za ta rataya hoton wuta a ɗakinta ba.

Shi kansa kamfanin da ya mallaki Aureol ya sha irin wannan rashi. Accra da Apapa da aka ambata a baya mayar da suna aka yi musu, kamar yadda akan sa wa jariri sunan kakan da ya rasu, domin masu sunan na farko duka biyu yaƙi ya ci su a 1940. Wani kuma mai suna Abosso an harbe shi a tekun Atalantika cikin Oktoba 1942, mutum 362 suka halaka.

Shekarun baya kaɗan zanen ya sake shiga shari'a, wannan karon a hannun jikar dattijon, ɗaliba a jami'a, wadda ta zo hutu da kai cike da karatu. Ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu, ta ce, “Alhaji, wai har yaushe za ka sauke tallan 'yan mulkin mallaka daga bangon nan? Ina mutanen da suka yi wa jirgin nan bauta? Ko ɗaya ba a zana ba.” Ta kawo masa labarin 1959, lokacin da ma'aikatan jirgin Apapa 'yan Nijeriya suka ajiye aiki a Liverpool suna kukan ana nuna musu bambancin launin fata, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Dattijon ya saurare ta har ta gama, domin gaskiya ta faɗa, kuma ya san labarin tun tana cikin ƙudurar Allah. Abin da ya ba shi dariya shi ne, rashin mutanen nan da take kuka da shi, shi ne ya ba zanen izinin zama a zauren tun farko: limamin unguwa na wancan zamani ya taɓa dubansa da kyau, ya ce tun da babu mai rai a ciki, ba laifi. Ya ce mata, “Amaryata, zauna in ba ki wanda ba ya cikin littafinki.”

A 1977 ya tafi aikin hajji. Bayan an sauko, suka yi kwanaki a Jidda suna jiran jirgin sama, zaman ya ishe shi, wata la'asar ya bi wani abokin tafiya zuwa wajen bakin teku. Can ya hango wani jirgi a ɗaure. Sunan da ke goshinsa baƙo ne, Marianna VI, amma ƙirar ta tsayar da shi cak. Ya dubi goshin, ya dubi yadda benayen suka hau juna, ya ƙirga da ido har wajen da tagar ɗakinsa take. Shi ne. Jirgin sama ya riga ya kashe kasuwar jiragen fasinja, Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe daga Ikko a 1974, wani attajirin Girka mai suna John Latsis ya saye shi, ya sake masa suna, ya kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. Ba ya zuwa ko'ina. Babu kumfa a goshinsa, ruwan da ke kewaye da shi kwance yake kamar na tafki.

Ya ce da jikar, “Ran nan ne kaɗai na gan shi gaba ɗaya da idona, daga nesa, ta gaba a ɗan karkace, daidai inda mai zanen nan ya tsaya. Shekara 16 bayan na shige shi. Kuma sai da ya daina tafiya sannan na samu ganinsa. Na tsaya har aka kira magariba, abokina yana ta jan hannuna, yana tsammani aljanu ne suka taɓa ni.” Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Maroƙi ya yi aikinsa, ban ce ya faɗi duka ba. Sauran yana wurina. In kin sauke shi, me zai riƙa tuna mini da sauran?”

Yarinyar ta ciro wayarta ta bincika, ta karanta masa ƙarshen labarin. Daga Jidda an kai jirgin Rabig, nan ma masauki, sannan aka mayar da shi Girka aka ɗaure shi shekara da shekaru, a 2001 aka kai shi Alang a gaɓar Indiya, inda ake tura tsofaffin jirage kan yashi a yanka su gunduwa-gunduwa. Ya shekara hamsin cif. Dattijon ya ce Allahu akbar, bai ƙara komai ba.

Da ta sauke firam ɗin don ta goge ƙurar hunturu, sai ta lura bututun da yake ta cewa rawaya ne ya koma fari-fari. Haka tawadar ɗab'i take, hasken rana yakan fara cin rawaya da ja, ya bar shuɗi, shi ya sa tsofaffin kalandu duk suke komawa launin bula. Tekun yana nan, jirgin ne ke dushewa a cikinsa. Ta ce za ta samo masa sabo ta intanet a buga masa a Kaduna, mai launi kamar jiya aka yi. Ya ce a'a, ta dai buɗe bayan firam ɗin ta samo alƙalami. Ya yi mata shifta tana rubutawa a bayan takardar: Satumba 1961, Apapa zuwa Liverpool, Baba Saje, Bama, Jidda, 1977. Sannan ya ce ta rubuta mutumin Kalaba mai kawo shayi.

Ta ce, “Yaya sunansa?”

Sunan jirgin da na kamfanin suna nan a buge a ƙasan zanen, ya karanta su sau dubu, ko cikin barci aka tashe shi zai faɗe su. Ya rufe ido, leɓunansa suna motsi, ya gwada wani suna ya girgiza kai, ya gwada wani. Aka daɗe. Daga bisani ya ce ta bar fili, wataƙila ya faɗo masa bayan sallar asuba. Ta ja layi ta bar filin, ta mayar da takardar cikin gilashi, ta taka kujera ta rataye shi a ƙusarsa.